Tashar Kano, Masu Kallon Tondibiya

Tondibiya tana bakin kogin Isa, arewa maso yammacin Yamai, gaba da Gudel. Asalinta ƙauyen Zabarmawa ne na masu lambu da masunta, kafin birni ya miƙo ya haɗiye ta, kuma yawancin 'yan Nijar sun san sunanta ne saboda barikin da ake horar da sababbin sojoji a can. Wannan bariki ya sa ake samun ɗan Damagaram da ɗan Tawa da ɗan Diffa da ɗan Agadas a unguwa guda, kowa da harshen gidansu, amma idan an zo ciniki ko hira sai a haɗu a Hausa ko Zabarmanci. Bayan sallar isha'i, idan kuran bai ɗauke ba, mai shago yakan fito da tele ya ɗora a kan tebur, ya ja waya daga ciki, ya danne ta da dutse don kada yara su yi tuntuɓe. Farantin tauraron ɗan'adam da ke kan rufin kwano an ɗaure shi da igiya saboda iskar damina. 'Yan fada suna gefe da butar shayi a kan garwashi, mata kuma suna cikin gida da nasu allon. Abin da ake kallo, in ba ƙwallo ba ce, galibi wasan Hausa ne da aka shirya a Kano, nisan ɗaruruwan kilomita, a wata ƙasa mai wani kuɗi da wata gwamnati. Abin da nake son dubawa shi ne me irin wannan talabijin, wadda aka gina domin Hausawa kuma take magana da bakinsu, take yi wa masu kallonta. Ra'ayina shi ne alherinta na gaske ne, kuma laifin da aka fi ɗora mata, wato ɓata tarbiyya, shi ne mafi raunin zargi. Illar da ta fi girma ita ce ta ƙuntata hoton al'umma mai faɗi, ta mayar da shi hoton birni guda, ta bar mutanen wannan ɓangare na iyaka suna kallo ba a kallonsu.

Baƙaƙen fatar Amurka sun riga mu shiga wannan muhawara da shekaru masu yawa, kuma tarihinsu yana da amfani gare mu. Lokacin da talabijin ta shiga gidajen Amurka, galibi baƙar fata ba ya fitowa sai a matsayin bara ko abin dariya. Shirin Amos 'n' Andy, wanda tashar CBS ta nuna daga 1951 zuwa 1953, baƙaƙe ne ke wasan, amma ƙungiyar NAACP ta yi tsaye a kansa saboda ya nuna su a matsayin malalata da 'yan damfara. A 1968, bayan tarzomar biranen ƙasar, kwamitin Kerner da shugaba Johnson ya kafa ya zargi kafofin watsa labarai da kallon duniya da idon farar fata kaɗai. Saboda haka da aka nuna Roots a watan Janairun 1977, labarin Kunta Kinte da aka sato daga Gambiya da zuriyarsa, har kusan mutum miliyan 100 suka kalli kashi na ƙarshe, sai kowa ya gane girman ƙishirwar da ke akwai. A kan wannan ƙishirwa Robert Johnson ya kafa tashar BET a 1980, da awa biyu kacal a mako. Cikin shekaru kaɗan ta koma ta dare da rana, a 1991 kuma ta zama kamfani na farko mallakar baƙar fata da ya shiga kasuwar hannun jari ta New York. Mutumin da ya girma bai taɓa ganin mai kama da shi yana karanta labarai ko yana yi wa shugaban ƙasa tambaya ba, shi ya san darajar wannan rana.

Sai dai abin da ya biyo baya ya fi koyar da darasi. Shirin labarai da na muhawara suna cin kuɗi, bidiyon waƙa kuwa kamfanonin faifai ne ke kawo shi kyauta, don haka bidiyon waƙa ya cika tashar. A ƙarshen shekarar 2000 aka sanar da sayar da BET ga kamfanin Viacom a kan kusan dalar Amurka biliyan 3. A 2002 aka soke shirye-shiryen tattaunawa irin su Lead Story da Teen Summit, a 2005 labaran dare suka bi su, alhali shirin tsakar dare na BET Uncut, mai nuna matan baƙaƙe kusan tsirara, ya ci gaba har 2006. Ɗaliban kwalejin mata ta Spelman da ke Atlanta sun yi bore a 2004 a kan bidiyon mawaƙi Nelly da ake nunawa a wannan shiri, kuma daga baya Sheila Johnson, wadda aka kafa tashar tare da ita, ta fito fili ta ce tana jin kunyar abin da tashar ta zama. Babu farar fatar da ya tilasta wa BET wannan hanya tun farko. Lissafin talla ne ya ja ta. Wato tasha tana iya zama ta baƙaƙe a fuska da murya, amma abin da za ta nuna game da su ya dogara ga mai ita da mai biyan kuɗin talla, da kuma wane ɓangare na al'ummar ne ake ganin zai sayi kaya.

A Nijar talabijin ta fara ne da harshen da ba na kowa ba. A 1964 aka buɗe talabijin ɗin makaranta da taimakon Faransa, ana koyar da yaran wasu 'yan azuzuwa da Faransanci ta allo. Sai a 1979, zamanin Seyni Kountché, aka samu Télé Sahel ta jama'a, gwamnati kuma ta rarraba akwatunan kallo na gayya a garuruwa da ƙauyuka, wasu masu aiki da hasken rana, ana taruwa a dandalin samariya a kalla. Muryar gwamnati ce, babu mai musun haka, kuma rabin labaranta rangadi ne da yanke ƙyalle. Amma a cikinta ne 'yan Nijar suka ga Yazi Dogo da abokan wasansa suna kwaikwayon ma'aikacin da ke cin kuɗin talaka da alhajin da ya yi aure ya fi ƙarfinsa, da Hausar da ake yi a kasuwar Damagaram, da tufafin da mai kallo ke sanye da irinsu. Wancan zamani, da duk takurarsa, ɗan Nijar yana ganin kansa a allo, yana dariyar halinsa. A can Najeriya ma haka abin yake da Samanja da Karkuzu da Kasimu Yero a tashoshin Kaduna da Jos da Kano. Kowane gari da 'yan wasansa, kowace tasha da karin harshenta.

Kaset ɗin bidiyo ne ya sauya wannan tsari. Daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, harkar ta bunƙasa har ta zama masana'antar da ake kira Kannywood, kaset da faifai suka bi motocin Maraɗi da Damagaram da Ƙonni suka cika kasuwannin Nijar, inda aka fi sanin finafinan da sunan dandalin soyayya. Tashoshi masu zaman kansu da suka buɗe a Yamai, tun daga Ténéré a 2000 da Dounia a 2007 da waɗanda suka biyo baya, sun samu abin cika sa'o'insu a sauƙaƙe. Sannan tauraron ɗan'adam ya zo: Africa Magic Hausa a 2010, Arewa24 a 2014, tashar da ke watsa Hausa zalla dare da rana kuma ana kama ta ba tare da biyan kuɗin wata ba. Ba zan rage wa wannan ci gaba komai ba. A ƙasar da aka yi shekaru ana nuna wa yaro cewa ilimi da muƙami da wayewa duk da Faransanci suke magana, babban abu ne ya ga likita da lauya da 'yar jarida suna aikinsu da Hausa. Matar da ba ta yi lakwal ba, wadda labaran ƙarfe takwas da rabi na Faransanci suke wuce ta, yanzu tana bin shirin girki da na lafiya da na zamantakewar aure ba tare da tafinta ba. Wasan Dadin Kowa ya kawo almajirci da shaye-shaye da auren dole da zaman Musulmi da Kirista cikin tsakar gida, ta bakin mutane irin su Kamaye da Adama da Malam Nata'ala, waɗanda talaucinsu irin na mai kallo ne. Kuma a 2023, lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, motoci suka yi layi a Ƙonni da Ɗan Isa, faranti bai san da takunkumi ba. Duk sa'ar da wuta ta samu, zumuncin da siyasa ta datse yana ci gaba a allo.

Wani zai ce ai wasa wasa ne, mutum ya kalla ya yi dariya ya kwanta, don me za a ɗora masa nauyin da bai ɗauka ba? Binciken da aka yi a wurare daban-daban bai goyi bayan wannan ba. A Brazil, masana tattalin arziki ƙarƙashin Eliana La Ferrara sun bi yadda tashar Globo ta riƙa isa yankuna ɗaya bayan ɗaya, suka ga haihuwa ta ragu a inda wasanninta suka isa, wasannin da ke nuna iyalai masu 'ya'ya kaɗan, har iyaye suna raɗa wa jarirai sunayen taurarin. A Indiya, Robert Jensen da Emily Oster sun nuna a 2009 cewa ƙauyukan da talabijin ta kebul ta shiga, matansu sun rage yarda da cewa miji yana da ikon dukan matarsa. A kudu maso yammacin Najeriya an gwada shirin MTV Shuga a kan dubban matasa, aka ga waɗanda suka kalla sun kusan ninka sauran wajen zuwa gwajin cutar ƙanjamau. A nan gida ma, Adeline Masquelier ta rubuta yadda samarin Dogondutsi suka ɗauki wasan Mekziko mai suna Rubí a matsayin makarantar soyayya, suna koyon yadda ake magana da budurwa da yadda kuɗi ke shiga tsakanin masoya. Abin lura a duk waɗannan shi ne babu wanda aka yi wa wa'azi. Mai kallo yana ɗaukar abin da aka nuna masa a matsayin yadda mutane suke rayuwa, ya auna tasa rayuwar da shi. Idan wasan baƙi da aka fassara yana da wannan ƙarfi, na wanda ke magana da harshen uwarka ya fi, domin babu katangar da za ta tuna maka cewa waɗannan wasu mutane ne daban.

To a nan ne masu zargin ɓata tarbiyya suke shigowa, kuma ba na raina damuwarsu. Uba yana da hakkin ya damu da abin da 'yarsa ke gani. Amma a duba abin da zargin ya haifar. Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001, ta dakatar da harkar gaba ɗaya na wani lokaci a 2007, an kori jaruma Rahama Sadau a 2016 saboda bidiyon waƙa, a watan Mayun 2025 kuma hukumar ta dakatar da wasanni masu dogon zango guda 22, har da Labarina da Dadin Kowa, a kan rashin kai su tacewa. Da wuya a samu masana'antar fim a Afirka da ake sa wa ido kamar wannan, inda namiji ba ya riƙe hannun mace ko da a wasan matarsa ce. Duk wanda ya kwatanta ta da abin da ke fitowa a Novelas TV, ko wasannin Turkiyya da Indiya da aka juya zuwa Hausa, ko abin da yaro ke gani a TikTok shi kaɗai a ɗaki, ya san cewa idan aka kashe wasan Hausa gurbinsa ba zai zauna fanko ba, kuma abin da zai cike shi ba mai jin maganar malamai ba ne. Mutuwar aure da zaman banza da shan ƙwaya sun girmi faranti, tushensu yana cikin talauci da rashin aikin yi da aurar da yarinya kafin ta san kanta, a ƙasar da kusan uku cikin huɗu na 'yan mata ake musu aure kafin shekara 18. Ɗora wa 'yan fim wannan kaya yana da sauƙi, shi ya sa ake yawan yi, amma yana kawar da ido daga tambayar da ta fi muhimmanci, wato rayuwar wa ake nunawa.

Amsar ita ce rayuwar Kano, ko kuma abin da Kano ke mafarkin zama. Kuɗin da ake ƙirgawa naira ce. Makarantar da ake zuwa ta tsarin Ingilishi ce, ɗan sandan da ke kama ɓarawo kakinsa na Najeriya ne. Kwana Casa'in wasa ne mai kyau, ya tona yadda ake sayen 'yan jarida da ƙuri'a a jihar Alfawa ta gwamna Bawa Maikada, amma yaron Tondibiya da ya bi shi ya fi sanin yadda gwamnan jiha ke murɗe zaɓe a Najeriya fiye da yadda ake raba fili a gundumarsu, ko dalilin da ya sa ambaliyar kogi ke cinye lambun babansa kusan kowace shekara. In ka cire Dadin Kowa da 'yan kaɗan irinsa, gidan da ake nunawa mai bene ne da ƙofar ƙarfe, falo da kujerun alfarma, lefe akwati kan akwati, biki kwana da kwanaki. Budurwar da ke kallon wannan a ɗakin da aka yi wa rufi da kwano, da saurayin da ke jiran albashin ƙaramin soja, dukkansu suna karɓar ma'aunin da ba a yanka shi daidai da aljihunsu ba, kuma tun da da Hausa aka faɗa, sai ya zama kamar haka Hausawa suke aure. Harshen ma haka. Mai ilimi da mai kuɗi da jarumi duk Kananci suke yi, wanda kuwa ya ce munka zo ko shina nan, kamar yadda miliyoyi ke faɗa daga Sakkwato zuwa Tawa da Dogondutsi, galibi shi ne baƙauyen da aka kawo don a yi dariya. Ɗan Nijar in ya fito, sau da yawa maigadi ne mai rawani da butar shayi a bakin ƙofar alhaji, yana karya Hausa. Wannan bai kai zafin abin da aka yi wa baƙaƙen Amurka ba, kuma ba ƙiyayya ce ta kawo shi ba, amma hanyar aikinsa ɗaya ce: yaro yana koyon matsayinsa daga rawar da ake ba mai kama da shi.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. Arewa24 ƙungiyar Equal Access ce ta kafa ta da kuɗin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, a lokacin da Boko Haram ke kan ganiyarta, da nufin samar wa matasan arewa wata murya da za ta yi gogayya da ta masu tsattsauran ra'ayi. Wannan bai sa shirye-shiryenta sun zama ƙarya ba, ma'aikatanta 'yan ƙasa ne masu kishin aikinsu, amma ya nuna cewa matsalar da aka gina ta don magancewa ta arewacin Najeriya ce. Da ta koma tsayawa da ƙafarta ta kasuwanci, sai ta dogara ga masu talla, su kuwa kamfanonin waya da na sinadarin miya da na madara da bankuna, kasuwar Kano da Kaduna da Abuja suke nema. Mai kallo a Yamai ba ya cikin lissafinsu, domin layin wayar da ake tallatawa ba ya aiki a wayarsa. Tashoshin wa'azi da suka cika faranti su ma kowace da inda take samun ƙarfi, wata daga ƙungiyar gida, wata daga ƙasashen Larabawa, wata daga Iran, kuma rigingimun da suke kawowa cikin falon mutane na malaman wata ƙasa ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Matsayin ɗan Nijar a wannan kasuwa kamar na maƙwabcin da ake aika wa tuwo kullum ne: yana ci yana godiya, amma ba a taɓa tambayarsa miyar da yake so ba, domin ba da shi aka yi cefane ba.

Akwai masu cewa wannan magana raba kan 'yan'uwa ce. Hausa ɗaya ce, in ji su, Turawa ne suka ja layi tsakanin Katsina da Maraɗi, tsakanin Daura da Damagaram, kuma Kano cibiyar kowa ce tun zamanin fatake. Suna ƙarawa da cewa ƙofa a buɗe take: ga Fati Nijar daga Maraɗi ta zama babbar mawaƙiya, ga Rakiya Moussa, ga Hadiza Gabon da ta zo daga nesa. Gaskiya ne, kuma zumuncin nan abin riƙewa ne da hannu biyu. Amma a lura da hanyar da ake bi: sai ka bar garinku ka koma Kano, ka gyara bakinka ya zama na Kano, ka fito a labarin Kano. Mutum yana shiga, garinsu kuwa yana nan a waje. Kuma layin da Turawa suka ja, shekara fiye da ɗari yanzu, ya haifar da rayuwa iri biyu ta gaske. Wanda ya tafi cirani Libiya ta Agadas, da matar da ke jiran kuɗin da zai aiko, da manomin albasa na Galmi, da ma'aikacin Arlit, da ɗalibin jami'ar Abdou Moumouni mai jiran kuɗin tallafi, da matar sojan da aka tura Tillaberi, duk Hausa suke yi ko suna jinta, kuma babu ɗayansu da ke da wasa mai dogon zango da duniyar Hausa ke bi mako-mako. Idan Hausa ɗaya ce, to asarar ta kowa ce, har da mutumin Kano da bai san yadda rabin danginsa ke rayuwa ba.

Tondibiya kuma tana tuna mana wani abu da mai magana daga Kano zai iya mantawa: ƙasar Zabarmawa ce. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki, sauran harsuna tara kuma, har da Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Tamajak, aka kira su harsunan da ake magana da su. Bahaushe yana da dalilin farin ciki, amma ya kamata ya ji yadda maganar ta sauka a kunnen wanda a da harshensa ke sahu ɗaya da Hausa a dokar 2001. A allo tazarar ta fi haka faɗi. Hausa tana da tashoshin dare da rana da masana'anta a bayanta, Zabarmanci kuwa sai labarai da 'yan shirye-shirye a tashoshin Yamai da waƙoƙin su Mali Yaro. Yarinyar Bazabarma da ke zaune gaban Labarina tana ƙaruwa da harshe na biyu, wannan riba ce, amma tana kuma koyon cewa soyayya da ado da birni da wani harshe ake yinsu, ba da na kakarta ba. Mu da muka yi kuka da abin da Faransanci ya yi mana bai kamata mu kasa gane wannan ba. Talabijin da za ta yi wa mutanen Tondibiya adalci sai ta yi magana kamar yadda unguwar ke yi, inda mai kifi ke sa suna da Zabarmanci, matar soja ta taya da Hausa, a ƙarasa da lambobin Faransanci.

Hujja mafi ƙarfi a kan duk abin da na faɗa ita ce ta kuɗi: kasuwar Nijar ƙarama ce, masu wutar lantarki ba su wuce kashi ɗaya cikin biyar ba, masu talla kaɗan ne, kuma sayen tsohon fim daga Kano ya fi shirya sabo araha nesa ba kusa ba. Haka ne. Sai dai ƙasar da ake cewa ba za ta iya ba ita ce ta ba Afirka Oumarou Ganda, wanda fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a 1972, da Moustapha Alassane da Djingarey Maïga da Zalika Souley. A wannan zamani ma Sani Magori ya ɗauki manoman albasar Galmi, Aïcha Macky ta shiga unguwar Kara-Kara ta Damagaram ta fito da fim ɗin Zinder a 2021, da Hausar wurin, ya zagaya duniya. Matsalar ita ce irin waɗannan ayyuka da kuɗin waje ake yinsu, a bukukuwan Turai ake nuna su, mai shagon Tondibiya bai taɓa sa su a tebur ba. Gwanintar tana nan, abin da babu shi ne mai sayen wasa na mako-mako a cikin gida. Kuma akwai kuɗin da za a fara da shi, tun da duk mai biyan takardar wutar NIGELEC yana biyan harajin gidan rediyo da talabijin na ƙasa a ciki. Da za a ware wani kaso sananne na wannan haraji a riƙa sayen wasanni daga ƙungiyoyin Damagaram da Maraɗi da Tawa da Doso da Yamai, ta hanyar gasa a fili, a kuma wajabta wa tashoshi masu zaman kansu sa'o'in shirin gida a lokacin da mutane ke kallo, cikin 'yan shekaru da an ga bambanci.

Cewa mutanen ƙetaren iyaka za su kalla kuwa, an riga an gwada. A ranar 25 ga Disambar 2024 shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tiani, ya yi hira da Hausa a talabijin ɗin ƙasa, ya zargi hukumomin Najeriya da haɗa baki da Faransa, kafin kwana biyu hirar ta cika wayoyin Kano da Sakkwato, har sai da Nuhu Ribadu, mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro a lokacin, ya fito a BBC Hausa ya mayar da martani. Ko mutum ya yarda da zargin ko bai yarda ba, ranar ta nuna cewa Hausar Yamai tana iya tsallaka iyaka ta sa a saurara. Amma shugaban ƙasa kaɗai ke da wannan dama a yanzu, kuma wasan da zai yi tasiri sai an bar shi ya taɓa inda ke ciwo. A watan Janairun 2025 an dakatar da tashar Canal 3 aka tsare babban editanta saboda shirin da ya auna ƙwazon ministoci, ko da yake an janye hukuncin bayan 'yan kwanaki. Marubucin da ya ga haka ba zai rubuta Bawa Maikada na Nijar ba, zai rubuta kishiya da uwar miji, abin da Kano ta riga ta fi shi iyawa kuma ta fi shi kuɗin yi. Kountché da kansa, da duk tsananinsa, ya bar 'yan wasa suna caccakar ma'aikaci maciyin amana a tashar gwamnati, kuma hukumar da ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa tana iya ba marubutan yau aƙalla wannan fili, tare da kuɗin da za su ɗauki kyamara su shiga unguwanni.